Zuwa Ikara Gyaran Bakin Injiniya

Ni ce Inna Dije mai waina ta Kudan. Ban taɓa riƙe alƙalami ba. Jikata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na hana ta ƙara ko kalma ɗaya.

Kudan

Mun tashi ranar Litinin kafin kiran assalatu, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Motar Injiniya ce ta zo ɗaukata, cike da gangunan kananzir. Direbansa Malam Sale ya duba agogo ya ce biyar saura kwata, ya sa ni a gaba.

Ga wanda bai san Injiniya ba, Ba'indiye ne. Ya zo ƙasar nan da samartakarsa yana gyaran injinan gurzar auduga. Ya ga dawakai suna zagaye suna matse rake, ya ce inji zai fi. Injinsa na farko a bayan gidana ya kafa shi, ya yi shekara tara yana cin wainata. Daga baya ya shiga sayar da kananzir da man inji, Allah ya buɗa masa.

Hausarsa kuwa a bakin tandata ya koye ta, cikin mata masu saye. Sai ya ɗauka kowa "ke" ne. Ƙato da gemu zai zo, ya ce masa, "Kin kwana lafiya?" Leburorinsa ba su taɓa gyara masa ba, don dariyar tana musu daɗi.

To, ya sayi injin wuta da famfo ya bai wa ɗakin shan magani na Ikara kyauta. Ranar Talata za a buɗe, zai yi jawabi gaban hakimi da malamai. Ya aiko in zo in sa albarka. Amma Sale ya raɗa mini cewa ya ji shi yana gwaji, yana ta cewa, "Ranki ya daɗe." Kowa daga Kudan har Ikara ya san wadda ta koya masa. Kunyar ai tawa ce.

Makarfi

Mun tsaya sallar asuba a bakin wata fadama, muka shiga Makarfi bakwai da rabi. A shingen shiga gari ɗan doka ya ƙirga ganguna, ya leƙo ya tambayi ina za ni.

Na ce, "Gyaran inji."

Ya ce, "Inna, ke? Wane inji?"

"Bakin Injiniya."

Sai da ya dafa mota don dariya, ashe shi ma an taɓa ce masa "kin". Ya ɗage sanda muka wuce. Na karya da koko da ƙosai na kwabo biyu. Kokon ya yi, ƙosan an cika masa ruwa, na kuma faɗa wa mai shi.

Gubuchi

Daga Makarfi hanya ta lalace, taya ta fashe sau ɗaya, muka isa Gubuchi goma da kwata. An sauke ganga huɗu. Matan gari suka kai ni in ga rijiyar da Injiniya ya haƙa musu bara. Na sha, ruwan ba zartsi ba wari. Wata tsohuwa ta ce tun da take, ba namijin da ya taɓa gaishe ta da kyau kamarsa. Na ce ai a kan mata ba ya kuskure.

Ikara

Mun sauka ana kiran azahar. Na tarar da Injiniya kwance ƙarƙashin injin wutar, hannu baƙi ƙirin, furfura ta fara fito masa. Ya miƙe ya rusuna, ya tambayi ƙafata da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama na ce ya wanke hannu, akwai aiki.

Muka zauna gindin tsamiya. Na sa Sale a dama, na sa matar mai gadin wurin a hagu. Na ce mai hula "ka", mai ɗankwali "ki". Ya nuna wannan, ya nuna waccan, har la'asar. Can sai ya ce, "Inna, hakimi fa ƙyalle yake ɗaurawa a ka."

Na ce, "Wannan rawani ne. In ka ce masa ki, ni da kai sai dai mu koma Indiya tare."

Ya tambayi me ya sa shekara tara ban faɗa masa ba. Na ce ni daidai yake kirana.

An sauke ni gidan wani malami. Uwargidansa ta yi mini tuwon dawa da miyar kuɓewa, ta ba ni sabuwar tabarma. Ban ci da yawa ba, hankalina yana kan gobe.

Talata da hantsi jama'a suka cika. Na zauna cikin mata a gaba, ina jan carbi. Injiniya ya tsaya, ya dubi hakimi. Ya ce, "Ranka ya daɗe." Na saki numfashi. Ya gode wa liman, ya gode wa malamin asibiti, duk "ka", ko tuntuɓe ɗaya bai yi ba. Ya ce ƙasar nan ta ciyar da shi, wannan kaɗan ne ya mayar. Aka tada inji, ƙwan lantarki ya kama da rana tsaka, famfo ya yi tari ya feso ruwa, mata suka rangaɗa guɗa.

Sai ya juyo ya nuna ni.

"Wannan shi ne malamina. Inna, Allah ya saka maka da alheri."

Wuri ya kaure da dariya, har hakimi ya rufe baki da rawani. Injiniya ya tsaya zuru, yana neman inda ya ɓata. Na miƙe na dubi hakimi na ce, "Ranka ya daɗe, a bar masa. Shekara tara yana mayar da maza mata. Yau ya mayar da mace ɗaya namiji, kuma na karɓa."

Hakimi ya ce to, a ba Malam Dije ruwan farko. Na sha a ƙwarya gaban kowa.

Gida

Mun taso sha biyu, muka shiga Kudan ana alwalar magariba. Labari ya riga mu, don wata mota ta wuce mu a Makarfi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Sale da masu masaukina. Har yau a layinmu Malam Dije ake kirana, kuma ina amsawa.