Tsoho da Salamandarsa ta Tara

A ɗakin jira na asibitin dabbobi, Sietske tana satar kallon wani tsoho mai jiƙaƙƙiyar kwat. A cinyarsa akwai akwatin roba, ciki salamanda ce, baƙa mai ɗigon rawaya, kamar ƙadangare, fatarta duk gyambo. Yana shafa mata magani da auduga a hankali.

"Baba, za ta warke kuwa?" in ji Sietske.

"Su tara ne, 'yata. Marigayiya matata ce ta rene su. Cutar fata ta cinye takwas."

Sietske ta ji a ranta cewa ba wanda ke jiransa a gida.

Ma'aikaciya ta kira shi, bai motsa ba. Ya ce, "A fara duba na bayana. Na san abin da likita zai ce."