Kabar Giwa a Bayan Rumbu

A gidanmu na 'Yandoto, lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba, kakata Inna Tumba tana da kabar giwa a bayan rumbu, cikin tsakuwa. Ganyenta kauri gare shi, da ƙaya a gefe, ruwansa kuwa ɗaci kamar maɗaci. Shi mata ke shafa wa nono in za a yaye yaro, shi ake sa wa ƙuna. Ban taɓa ganin Inna ta zuba mata ko ludayin ruwa ba.

Da sanyi, bayan tuwo, mukan kewaye wutar kara. Inna da tsaki take buɗe tatsuniya. Wadda ta fi maimaitawa ta wani mai dukiya ce a Bungudu, da ya ga kabar giwa a kan dutse ya ce abar tausayi ce. Ya sa aka dasa ta a ƙofar gidansa, aka lafta mata taki, aka yi mata rumfa, barori suna kwarara mata ruwa safe da yamma, don masu wucewa su ce ga mutumin kirki. Ganye ya kumbura yana ta sheƙi. Ran da 'yarsa ta faɗa wuta, ya ruga ya kama ganye ɗaya, sai duk shukar ta biyo hannunsa. Gindin ya ruɓe, har wari yake.

"Wawa," in ji Inna. "Wanga ba so na ba. Kainai shika ba ruwa, ba kabar giwa ba."

Tana faɗa tana hararar Kawu Jabbi, wanda ya hana ɗansa Bawa taɓa fartanya, wai rana za ta ɓata shi. Bawa sa'ana ne. Muna noma, yana inuwa yana shan fura. Tsoron Inna ɗaya ne, gonar kakanni da za ta faɗa hannunsa. Kawu sai ya yi dariya ya ce rigimar tsufa ce.

Allah bai nuna mata ba. Bayan rasuwar Kawu damina ta yi gardama, Bawa ya sakar wa wani mutumin Tsafe gonar a kan 'yan dammunan gero. Yanzu yana Gusau, ya san lokacin da ake sauke tukunya a gidan kowane ɗan'uwa. Ina raina shi, amma na fi raina uban da ya yi ado da shi.

Bara na leƙa gidan. Katanga ta zube, rumbu ya rushe, kabar giwa ta yi 'ya'ya ta cika kangon. Ita kaɗai ce a gidan nan ba wanda ya taɓa lallaɓawa.