Kwana Biyun da Hammu Ya Ce a Jira

A Tagadirt, can cikin tsaunukan Atlas, babu mai ɗaura wa alfadarinsa kaya da hunturu sai ya ji ta bakin Hammu. Ba shi da sarauta, karatunsa ma bai wuce na allo ba. Doguwar sanda gare shi, da hannun da ya san dusar ƙanƙara. Hanyar ƙauyen ɗaya ce tak, tana ratsa wani gangare tsirara wanda ko itace ɗaya babu a kansa.

Duk sanda dusa ta sauka, yakan je bakin gangaren ya haƙa rami har ƙasa, ya cusa hannu. In ta kama jikinta, sai ya ce a wuce ɗaya bayan ɗaya, kada mutum biyu su taka tare. In ya tarar ta ƙasa tana warwatsewa kamar sukari, to tana iya zaftarowa ta binne mutane, kowa ya koma gida ya sha shayi. Shekara talatin yana wannan aiki, gangaren bai ci kowa ba, kuma ban taɓa jin wanda ya gode masa ba. Mita dai yake sha. Maƙwabcinsa Lahsan, da ke kiransa Dadda yadda ake kiran babba a can, yakan ce, "Dadda Hammu, kai ko garin sha'ir ka gani a kwano cewa za ka yi zai zaftaro mana."

A hunturun da ya cika shekara sittin da biyu, dusa ta kwana uku tana zuba, iska na tara ta a saman gangaren. Ranar da gari ya washe, ciwon ciki ya kayar da matarsa Ijja. Aka samu malamin asibiti a waya, ya ce a kawo ta yau, kada a kai gobe. Asibitin yana ƙasan kwari, tafiyar awa huɗu, ita kuwa ko zama ba ta iya yi, balle hawa alfadari. Irin wannan mara lafiya a kan tsani ake ɗaure shi da barguna, maza huɗu su ɗauka a kafaɗa.

Kafin Hammu ya nemi kowa, mazan sun tsaya a ƙofarsa da tsani. Ya ɗauki sandarsa suka bi shi. Ya haƙa rami, sukari. Ya matsa gaba ya sake haƙawa, sukari. Da ya taka zai haƙa na uku, ƙanƙarar ta yi wani nishi a ƙarƙashinsa, tsaga ta gudu gabansa.

"Ka ce mu tafi kawai, Dadda," in ji Lahsan, ba wasa a muryarsa. "Mun ji, mun gani. Wuyanmu ne."

Hammu ya dube su. Biyu daga cikinsu uwarsu ɗaya. Tsani kuwa ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya, nauyin mutum biyar ne a wuri guda. Ya ce a ba dusar kwana biyu ta zauna.

Da ya shiga ɗaki, Ijja ta tambaye shi abin da ya samu. Ya gaya mata.

"To, kada ka kashe wa mutane 'ya'ya saboda tsohuwa," ta ce. "Rufe ƙofar nan, iska na shigowa."

Da hantsin rana ta biyu Ijja ta cika. Hammu bai ji komai a ransa ba. Ya yi mata salla, ya taya saran kabari don ƙasar ta daskare, aka miƙo burodi da man zaitun ya ci. Washegari ya koma gangaren ya duba, ya ce an iya wucewa. Masu ta'aziyya suka hauro daga kwari ɗaya bayan ɗaya.

Sauran hunturun nan kullum yana zaune a kan soronsa, fuskarsa na gangaren. Mutane suka ce Allah sarki, aikinsa yake yi. Ba aiki ba ne. So yake dusar ta zubo, ko sau ɗaya, ta kwashe hanyar da ƙara, ya san abin da ya hana. Ya jira har watan Afrilu. Ta narke a inda take, a hankali, ruwan ya bi magudana ya shiga gonakin sha'ir.