Kawu Sale Ya Gano Abin da Ke Kayar da Jirgin 'Yan Koyo

Jiya da hantsi muna zaune a zaurenmu na Ƙofar Kibo, sai ƙarar ƙaramin jirgin nan na 'yan koyon tuƙi ta ɗauke ɗif a saman kanmu. Na hau salati, don na san ƙanwata Hauwa, mai koyon tuƙin, tana sama a lokacin.

Kafin in gama salati, Kawu Sale, wanda ko keke bai iya ba, har ya kammala bincike. Ya ce, "Aljanun dutsen Kufena ne ke janyo su. Sai da na ce kada a bar yarinyar nan."

Hankalina bai kwanta ba sai da ta shigo da la'asar, lafiya lau, tana neman abinci.

Da na ba ta labari, ta yi dariya ta ce, "Yaya, malamina ne ya rage wa injin ƙarfi da gangan, don in san abin yi ranar da ya mutu da gaske."

Kawu ya ce, "To waɗanda suka faɗo a baya fa?"

"Kawu, yawanci wajen sauka ne, iska ta bugo ta gefe ɗalibi ya rikice. Wani bai duba mai da kyau ba, wani kuma ya ga hadari ya haɗo ya ce zai iya."

Kawu ya gyara hula. "Yawwa! To wa ke sa shi mantuwar in ba su ba?"

Hauwa ta ɗauki kwanonta ta shige ciki.

In akwai irin wannan masani a gidanku, ku zo mu jajanta wa juna a ƙasa, wajen sharhi.