Tela da Mai Shawarar Asibiti

Shekara arba'in Tela ya yi a shago ɗaya, da keken ɗinki ɗaya mai feda, da benci a bakin ƙofa wanda ba ya rabo da jama'a. Ya yi karatu daidai gwargwado, saboda haka mai kawo ɗinki yakan haɗo da damuwarsa, shi kuwa ba ya rasa aya ko hadisin da zai sallame shi da shi. Shi ya riƙe ƙanensa tun rasuwar mahaifinsu, ya aurar da shi, har ya zama direban babbar mota.

Sai Allah ya ƙaddara birki ya ƙi a wata gangara, motar ta bi ta kan wani mai babur, ya cika nan take. Direba ya fito ba ƙwarzane, amma ya ajiye makulli, abinci sai an matsa masa, iyalinsa kuma ba sa samun komai sai tsawa. Kullum Tela yana zaunar da shi yana yi masa nasiha. Wata huɗu, babu sauyi.

Daga bisani likita ya tura Direba wajen wani matashi mai ba da shawara a asibiti, kowace Talata. Kafin wata biyu aka ji Direba yana dariya da 'ya'yansa. Kowa ya yi hamdala. Tela ma ya yi, amma zuciyarsa kamar an ɗora mata dutsen guga. Ya san hukuncin hassada, ya sha karantar da shi, sai dai sanin sunan cuta ba ya sauke zazzaɓi.

"Malam, duk Talata sai ka warware ɗinki sau uku," in ji matarsa. "Ko kishi ne?"

"Da wa? Yaron da na girmi ubansa?"

Wata safiya Direba ya kawo riga a rage masa, don ya rame. Tela ya kasa daurewa.

"Wai me yaron asibitin nan yake faɗa maka da ban faɗa ba?"

"Ba ya faɗin komai, Yaya. Tambaya yake, sai ya yi shiru."

"Shiru! Shi ne karatun da ya yi? To ni fa?"

"Kai, kafin in kai inda birki ya ƙi, ka riga ka kai ni ƙaddara."

Maganar ta soki Tela. Ya sa masa rigar, ya cika leɓɓansa da allurai kamar yadda yake yi in zai kama gefe, ya durƙusa. Da Direba ya ga bakin a rufe, sai ya fara. Ya faɗi ƙarar hon, da yadda mutumin ya waigo suka haɗa ido, da buhun shinkafar da ya fashe a kan kwalta. Sau biyu aya ta zo wa Tela har maƙogwaro, allurai suka tare ta. Gefen rigar ya daɗe da kamuwa, amma bai tashi ba sai da ƙanen ya share hawaye.

Sannan ya zare alluran ɗaya bayan ɗaya.

"Duk wannan ka faɗa wa yaron nan?"

"Tun watan jiya."

Tela ya cire masa rigar, ya naɗe ta.

"To ranar Talata ka gaya masa ni ma na ji."