Kurɓin Farko

Ina yarinya, a gidanmu na Agege, bayan layin dogo, da an idar da magariba Iya takan jawo kurfotinta ƙofar ɗaki ta ɗora ruwan kunu. Kakata ce, mahaifiyar babanmu. Mu jikoki mu kewaye wutar, ƙanshin burodin maƙwabta yana shigo mana ta taga.

In za ta yi mana tatsuniya, tana da irin tata buɗewar. “Ga wata ta taho daga Arewa a jirgin ƙasa,” in ji ta.

“Ta sauka a Agege mu ji ta!” mukan amsa.

Wadda na fi riƙewa ita ce ta wata tsohuwa da ciwo ya kwantar. Attajirin garin ya aiko mata da magani cikin kwanon azurfa, aka ajiye a bakin ƙofa aka tafi. Ko kallonsa ba ta yi ba. 'Ya'yanta suka sayo wani mai tsada, suka tsaya a kanta suna “sha, sha!” Ta juya fuska bango. Sai wata maƙwabciya mai sayar da daddawa ta zo da jiƙo a tsohuwar ƙwarya, ta zauna a bakin tabarma, ta yi bisimilla ta fara kurɓa. Ɗaci ya yamutse mata fuska. Tsohuwa ta yi dariya har da tari, ta karɓa ta shanye.

“Iya, wane magani ne ya fi kyau?” na tambaya.

“Duk iri ɗaya ne, Dije sarkin tambaya. Matso da kofinki.”

Ni a lokacin yamutsa fuskar kawai nake jira, don Iya ta iya kwaikwayonta.

Shekaru suka ja, na yi aure a Sabo. Hawan jini ya kayar da Iya, aka kwantar da ita a asibiti. Nas ɗin mai kirki ce, amma gadaje sun yi mata yawa. Takan ajiye ƙwayoyi a ɗan kofin roba, ta ce, “Mama, oya, sha,” ta wuce. Kwana huɗu jinin ya ƙi sauka. Likita ya ce in aka ci gaba haka, ɓarin jikinta zai iya shanyewa. Ina gyara mata mayafi sai na ji ƙulli a gefensa. Na kwance: ƙwayoyin ne, ko ɗaya ba ta sha ba.

Yayana ya hau faɗa. “Haba Iya! So kike ki kashe kanki?” Ta juya fuska bango.

Wannan juyawar ce ta dawo da ni gaban kurfoti. Da aka kawo na yamma, na zauna a bakin gadon. Ƙwayar ba tawa ba ce, ba halin in sha. Na ɗauki kofin ruwan, na yi bisimilla na kurɓa, na yamutse fuska iya ƙarfina.

Ta dube ni ta gefen ido. “Ja'ira. Ruwan ne da ɗaci?”

“Wallahi Iya, kamar maɗaci.”

Ta miƙo tafin hannu.

Shekara shida muka ƙara da ita, kullum da kurɓina. Allah Ya jiƙanta. Yanzu na gane ba ɗaci tsohuwar nan ta ƙi ba. A bar ta ita kaɗai da shi ne ba ta so. Ni ma bana likita ya rubuta mini irin ƙwayar Iya. Har yau nakan tsaya da kofi a hannu, ina ɗan jira.