Tabon da Wanzami Ya Ƙi Kankarewa

A da, in tabo ya fito wa mutum a Matameye, wanzami ake kira, abin da ya faɗa kuma ya zauna. Yanzu sai an ji bakin mutum biyu ko uku. A kaina aka koyi haka.

Lokacin ina madugu, ina kai ayarin kanwa da fatu Kano. Na zauna Agadas, na zauna Kukawa, kowane gari da sunan da yake kiran kyasbi, amma ban ga inda aka iya rarrabe shi da kuturta kamar Barno ba. Can wata tsohuwa ta koya mini da Barbarci: a kankari tabon da farce, in ya zubar da gari kamar dusa, kyasbi ne. A soka masa ƙaya, in mutum bai ji ba, to a ji tsoro. Da na dawo na koya wa wanzamin unguwarmu, abokina tun ƙuruciya, wanda muke cin tuwo akushi ɗaya.

Wata shekara, ƙarshen damina, farin tabo ya bazu mini a ƙirji da wuya. Fatake suka soma raɗa, don ba mai son shan ruwa salka ɗaya da kuturu. Suka ce wanzami ya duba ni a gabansu, a zaurena.

Na tuɓe riga ina dariya. "Sarkin aska, zo ka kankare dusarka."

Bai matso ba. Hannunsa na kan zabira.

"Madugu, sai haƙuri."

"Haƙurin me? Kankara mana. Ga ƙaya ma."

"Irin wannan ba a taɓa shi."

Na kankara da kaina, garin ya zubo a wandona, kowa ya gani. Wani dattijo cikin fataken ya ce, "Madugu, kai ne mai ciwon, shaidarka ba za ta yi ba."

Ayari ya tashi ran Alhamis, ƙanen wanzamin a gaba, shi ne madugu.

Na yi ta shafa farar wuta da man shanu. Kafin fatake su dawo fata ta koma daidai. Wanzamin ya zo gaisuwa, ya ce, "Ashe kyasbi ne. Allah ya rufa asiri."

Na ce, "Ka sani tun ran nan."

Ya tsaya yana gyara bakin zabira.

Fatake sun riga sun saba da sabon madugunsu. Ban sake jan ayari ba, kuma tun daga ranar garin Kance nake zuwa aski.